Tarihin PHP da matsalar haruffa masu ƙugiya

A shekarar 1994 ne Rasmus Lerdorf ya rubuta wasu ƴan tsare-tsare cikin harshen C don ƙidayar masu ziyartar shafinsa na intanet. Ya sakar wa jama'a su a watan Yuni na 1995. Asalin PHP ke nan. Zeev Suraski da Andi Gutmans, ɗalibai a Technion ta Haifa, suka sake gina shi, PHP 3 ya fito a 1998.

Abin lura, PHP ya gaji ɗabi'ar C ta ɗaukar kowane harafi a matsayin bayit guda. Ga Ingilishi wannan ya wadatar. Amma a tsarin UTF-8, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowanne bayit 2 ne, kamar é na Faransanci. Shi ya sa umarnin strlen ke ba da 5 ga kalmar «ƙasa», kuma datse rubutu kan tsaga harafi gida biyu.

A 2005 aka soma aikin PHP 6 don dasa Unicode cikin gindin harshen. Zaɓen UTF-16, wanda a ganinmu kuskure ne, ya nauyaya aikin, har aka watsar da shi a 2010. PHP 7 na 2015 ya tsallake lambar, bai taɓa matsalar ba: mai sarrafa rubutun Hausa har yanzu sai ya kira mb_strlen da ƴan'uwansa.