Rariyar Gawayi Mai Daidaitattun Ƙofofi da Tace Gas ɗin Kashin Shanu a Mubi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake sarrafa gawayi ya zama rariyar ƙwayoyin iska, da amfaninsa wajen raba kabon-dayoksaid da metan. Ta nuna cewa ingancin rariyar ya dogara ne kan faɗin bakin ƙofofinta, kuma Mubi tana da albarkatun fara gwaji.

Gabatarwa

Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabashin Nijeriya, kuma kashin da ke taruwa a cikinta makamashi ne. Idan ya ruɓe ba tare da iska ba, yakan fitar da gas mai metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Mafi yawan ragowar kabon-dayoksaid ne, wanda ba ya kama wuta, sai dai ya raunana harshenta. Faɗin ƙwayar kabon-dayoksaid nanomita 0.33 ne, na metan kuwa 0.38. Da wannan ɗan bambanci ake raba su.

Hanyar Sarrafawa

Matakai uku ne. Da farko a ƙona ɓawo mai tauri a cikin naitirojin, a zafin digiri 600 zuwa 900 na Salshiyos. Sannan a bi da tururin ruwa ta cikin gawayin domin ƙofofinsa su buɗe. A ƙarshe a tura tururin benzin, wanda zafi ke farfasawa, kabon ɗinsa ya kwanta a bakin ƙofofin ya tsuke su.

Tattaunawa

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin. In shimfiɗar kabon ta yi kaɗan, gas biyun za su kutsa tare. In ta yi yawa, ƙofar ta toshe. Haka kuma in kabon ya kwanta can ciki, gawayin ya rasa wurin ajiya. Idan aka dace, kabon-dayoksaid yakan riga metan shiga ƙofofin ƙarƙashin matsi, metan ya wuce. Da an sassauta matsin, gawayin ya saki abin da ya kama, shi ya sa tukwanen gawayi biyu ke aiki bi da bi. Wajibi ne a fara cire danshi da iskar farar wuta mai wari, don suna kashe rariyar.

Kamfanonin Japan da ɓawon kwakwa suke yin tasu rariyar. Ƙwallon goruba da na giginya sun fi kusa da shi a tauri. Ɓawon gyaɗa kuwa, duk da yawansa a Mubi, gawayinsa mai saurin marmashewa ne.

Kammalawa

Ya kamata masanan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi su auna waɗannan ɓawo uku, suna sauya zafi da tsawon lokacin shimfiɗar kabon, sannan su gwada gawayin da gas ɗin kashin shanun kasuwar garin.