Tarihin Taswirar Jure Sanyi ta Tsirrai a Amurka

A ƙasashen da ruwa yake daskarewa, tambayar farko da mai dasa itace yake yi ita ce ko dashen zai ga bayan hunturu. Kalmar hunturu a nan aro ce kurum, domin ɗarin da Bahaushe ya sani, komai tsananinsa, ba ya kashe mangwaro a tsaye. Can kuwa dare guda ya isa ya halaka gonar da aka shekara goma ana reno.

Wanda ya fara ƙoƙarin amsa wannan tambaya da taswira shi ne Alfred Rehder, masanin itatuwa a gandun Arnold na Jami'ar Harvard. A 1927 ya kasa yawancin Amurka shiyya takwas gwargwadon sanyinsu. A 1938 Donald Wyman, shi ma na wannan gandu, ya sake zana ta bisa ma'aunin da ya ɗore har yau, watau a ɗauki daren da ya fi kowane sanyi a kowace shekara, a tara na shekaru masu yawa, a fitar da matsakaicinsu. Ma'aikatar Gona ta Amurka ta fito da tata a 1960, mai shiyya goma, tsakanin kowace da mai bi mata digiri 10 na ma'aunin Farenhait. Sai aka wayi gari da taswira biyu masu lambobi iri ɗaya da ma'ana dabam, har lambar da mai sayar da dashe ya rubuta ta zama ba ta da amfani sai an san wadda ya duba. Wannan ruɗani bai kau ba sai da ta Ma'aikatar ta rinjaya bayan gyaran 1990. An sake gyara ta a 2012, sa'an nan a 2023 da bayanan tashoshin auna yanayi 13,412, inda kimanin rabin ƙasar ya matsa rabin shiyya zuwa ɗumi.

Sauƙin lamba guda shi ya sa aka ɗauki tsarin zuwa Turai, kuma a nan ne rauninsa ya fito fili. Landan da Houston ta jihar Texas duk ana sa su a shiyya ta 9, inda matsakaicin daren mafi sanyi yake tsakanin digiri 20 da 30. Amma a filayen da ke kewaye da Houston shinkafa da auduga suna nuna, a Landan kuwa ko tumatir sai an lallaɓa shi, saboda zafin bazararta bai taka kara ya karya ba. Taswirar ba ta san bazara ba, ba ta kuma san dusar ƙanƙara da ke lulluɓe saiwa ta kare ta ba. Masanan Kanada sun lura da haka tun 1967, suka shigar da ruwan sama da zurfin dusar ƙanƙara da ƙarfin iska cikin lissafinsu.

Bugu da ƙari, matsakaici ba alkawari ba ne. A Fabrairun 2021 sanyi ya sauka zuwa digiri 13 a Houston, itatuwan lemo da aka dasa bisa amincewa da lambar 9 suka bushe a gidajen mutane.