Fashaga: Tsibirin da Babu Teku

A Gadarif aka haife ni, kuma tun ina yaro nake jin kakana yana kiran Fashaga tsibiri. Nakan yi mamaki, domin tsakaninmu da Bahar Maliya tafiya ce mai nisa. Sai da na girma, damina ta riske ni a bakin kogin Atbara, sannan na gane nufinsa. Atbara ya tare Fashaga ta yamma, Setit ya tare ta ta arewa, Bahar Salam kuma ya ratsa ta ya raba ta biyu, Babba da Ƙarama. Idan ruwa ya sauko daga duwatsun Habasha, kogunan nan sukan cika su yanke ta daga sauran Sudan. Gabas kaɗai ke zama a buɗe, gabas kuwa Habasha ce. A nan rigimar take kwance.

Ƙasa ce baƙa mai laka, riɗi da dawa suna yi a cikinta kamar ba a so. Mutanenmu sun daɗe da sanin yankin. Takari, wato mahajjatan da suka fito daga yamma, su ne suka zauna Gallabat tun kafin zuwan Bature. A nan aka gwabza tsakanin dakarun Mahadiyya da Habashawa a 1889, har Sarki Yohannes na Huɗu ya rasa ransa.

A ranar 15 ga Mayu 1902, a Addis Ababa, Sarki Menelik na Biyu da wakilin Ingila, Harrington, suka sa hannu a yarjejeniyar iyaka. A 1903 Manjo Gwynn ya bi daji yana kafa alamomi, layinsa kuma ya bar Fashaga a ɓangaren Sudan. Habashawa suna cewa ya yi aikin ba tare da wakilinsu ba, saboda haka bai ɗaure su ba. Sudan kuwa tana cewa an gama magana tun ranar.

Shekarar 1903 ɗin nan takan tsaya mini a rai. A cikinta ne Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Ke nan hannun da ya taso kakanninmu daga gida, shi ne ya riga su zuwa nan ya ja layi a ƙasar da za su noma.

Bayan 'yancin kai, a 1972, ƙasashen biyu sun yi musayar takardu don warware batun, amma ba a kammala sabunta alamomin ba. Dangantaka ta ƙara lalacewa a 1995, da aka yi yunƙurin kashe Shugaba Mubarak na Masar a Addis Ababa, aka kuma zargi Khartum da hannu. Daga nan manoman Amhara suka ƙara yawa a Fashaga, 'yan bindigar da muke kira shifta suna addabar namu lokacin girbi. Kawuna ya bar gonarsa a shekarun nan, bai sake taka ta ba har ya rasu. A 2008, zamanin Bashir da Meles Zenawi, aka yi sulhu na baki da baki: iyaka tana nan, manoman Habasha kuma su ci gaba da noma.

Sulhun bai rayu bayan masu shi ba. Da yaƙin Tigrai ya ɓarke a Nuwamba 2020, sojojin Sudan suka shiga suka karɓe mafi yawan Fashaga. A makonnin nan kuma muna kallon 'yan gudun hijira suna tsallakowa, ana kai su sansanin Um Rakuba a jiharmu. Wasu na guduwa daga gonakin da suka shekara ashirin suna nomawa, wasu na komawa gonakin iyayensu.

Ni ɗan Sudan ne, kuma na yarda layin 1903 ne iyaka, domin idan aka fara tsinka layukan Turawa a Afirka, ba wanda zai kwana lafiya. Amma na san manomin Amhara da aka haifa a Fashaga bai taɓa jin sunan Gwynn ba, kamar yadda kawuna bai ji ba. Iyaka ta hukuma ce, noma kuwa na mai fartanya ne. Muddin ba a rubuta haƙƙin kowannensu a takarda ba, duk kaka sai an shiga gona da lauje a hannu ɗaya, tsoro a ɗayan.