Ɗaukar motar haya a Madrid a ajiye ta a Barcelona kafin shiga jirgin ruwa

Tun da na dawo daga Sifaniya, da wuya a yi mako ba a tare ni da maganar mota ba, ko a bakin masallaci a Agege, ko wani ya bugo waya daga Sabon Ibadan ko Fatakwal. Tambayar kusan ɗaya ce: wai da gaske mutum zai karɓi motar haya a wani gari, ya tuƙa ta da kansa, ya bar ta a wani garin ya kama gabansa? Da gaske ne. Mu mun ɗauka a Madrid, muka yi kwana shida a hanya, muka miƙa makulli a Barcelona, washegari muka shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Bahar Rum. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin sau ɗaya, duk mai niyya ya karanta kafin ya sa katinsa a intanet.

Abu na farko, farashin da kamfani ke nunawa na kowace rana ba shi ne abin da za ka biya ba. Idan za ka ajiye motar a garin da ba nan ka ɗauke ta ba, akwai wani kuɗi daban da ake ɗorawa. Duk wanda ya taɓa shatar tirela daga Kano zuwa Mile 12 ya san dalilin: direba yana lissafin yadda zai koma, idan babu lodin komawa kai za ka biya masa hanya. To su ma haka ne. Tsakanin manyan garuruwa na ƙasa ɗaya, kamar Madrid da Barcelona, motoci na kai da kawo kullum, wani ya kawo wani ya mayar, don haka kuɗin bai cika yawa ba, wani lokacin ma ba a karɓar komai. Amma da zarar ka tsallaka iyaka, labari ya canza. Motar da ke da lambar Faransa dole a mayar da ita Faransa, ko a biya direba ko a ɗora ta a babbar mota, kuma kai ne za ka ɗauki nauyin wannan.

Ni kaina da farko na so mu sauka a Paris ne, tun da akwai jirgin Air France kai tsaye daga Legas, mu gangaro ta kudancin Faransa har Barcelona. Da na sa garuruwan biyu a shafin kamfani, kuɗin ajiyewar kaɗai ya fi kuɗin hayar kwanakin gaba ɗaya. Na gwada wasu kamfanonin, duk ɗaruruwan yuro ne, wasu ma ba su yarda da tsarin ba sam. Nan na haƙura, muka bi ta Casablanca muka sauka a Madrid. Wanda lallai sai ya haɗa ƙasashe biyu, dabarar da ake yi ita ce a ajiye motar farko a garin ƙarshe kafin iyaka, a tsallaka da jirgin ƙasa, a ɗauki wata a ɗaya ɓangaren.

In kuma ba tsayawa za ka yi a hanya ba, kada ma ka wahalar da kanka. Madrid zuwa Barcelona kai tsaye kilomita ɗari shida da ɗoriya ne, jirgin ƙasa mai gudu yana cinye shi cikin awa uku ko ƙasa da haka. Amfanin motar shi ne ratse.

Namu ratsen ta Andalus muka yi shi. Daga Madrid zuwa Kurɗuba kusan kilomita 400 a kan titin A-4. A can ne babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785 yake, wanda aka mayar coci a 1236. Ana shiga da tikiti a kalla, amma ba a barin a yi salla a ciki, gara mutum ya sani tun daga gida don kada ya je ya yi cacar baki da masu gadi. Daga nan kusan kilomita 200 zuwa Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, wadda ta faɗi a 1492. Tikitin fadar Alhambra da sunan mutum ake yankarsa, da lokacin shiga a rubuce, kuma ana duba fasfo. A lokacin zafi yakan ƙare tun da makonni, saboda haka a saye shi kafin ma a biya otal. Masallacin da ake salla a cikinsa yana unguwar Albaicín, an buɗe shi a 2003, daga farfajiyarsa kana hango Alhambra a gabanka. Sai doguwar tafiya ta kusan kilomita 500 zuwa Valencia, sannan wajen 350 zuwa Barcelona a kan AP-7. Wannan titin da can akwai tolget a kansa, an cire na tsakanin Alicante da Tarragona a farkon 2020, na gaba kuma zuwa iyakar Faransa a watan Satumbar 2021. Gaba ɗaya mun yi abin da ya haura kilomita 1,400, saboda haka a tabbatar takardar hayar ta ce babu ƙayyade nisa. Wasu masu arha suna sa iyakar kilomita a rana, abin da ya haura su caje ka.

Yanzu ga inda ’yan Najeriya suka fi tuntuɓe, wato kantar karɓar makulli. Za a tambaye ka fasfo, da lasisinka na Najeriya, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na ƙarshen a gida ake yin sa ta hannun hukumar FRSC kafin a tashi, kuma ba ya aiki shi kaɗai, sai an haɗa da na gida. Yawancin kamfanoni suna son lasisin ya kai aƙalla shekara ɗaya a hannunka, wanda bai kai shekara 25 da haihuwa ba kuma ana ƙara masa kuɗi. In za ku riƙa karɓa-karɓa a sitiyari, a rubuta sunan direba na biyu a takarda, ko da za a ɗan ƙara wani abu, don in tsautsayi ya faru da wanda ba a rubuta ba, inshora ba ruwanta.

Sai kati. Nan ne na sha kunya. Kamfani yana riƙe wasu kuɗi a katinka a matsayin jingina har ka dawo da mota lafiya, kuma yawancinsu katin bashi suke so, mai ɗauke da sunan direban. Namu na nan kuwa kusan duka na cirar abin da ke asusu ne, ko da na dala ne. Na biya hayar tun daga Legas da katina ba tare da wata matsala ba, na ɗauka shi ke nan. Ina isa kanta yarinyar ta juya katin ta ce ba za a iya riƙe jingina a kansa ba. Ga iyali a bayana da akwatuna, ga dare ya fara yi. Mafitar da aka ba ni ita ce in sayi inshorarsu mafi tsada, wadda ke sauke jinginar. Na saya, ba don na so ba. Laifina ne, sharaɗin yana rubuce a ƙananan haruffan da ban karanta ba. Kai dai ka aika musu da imel tun kana gida, ka faɗi irin katinka, su amsa maka a rubuce.

Inshorar da ke cikin farashin farko tana da wani kaso da kai za ka biya daga aljihunka in mota ta samu lahani, kuma sau da yawa ba ta haɗa da taya da gilashi da ƙarƙashin mota. A ra’ayina, mai tuƙi a baƙuwar ƙasa da iyali a baya, cikakkiyar ta fi masa kwanciyar hankali, sai dai a saye ta da ido buɗe, ba a tsaye a kanta kamar yadda ta same ni ba.

Tuƙin kansa ba shi da wuya. Hannun dama suke bi kamar mu, iyakar gudu a manyan tituna kilomita 120 ce a awa, kuma kyamarori ne ke aikin da ’yan sanda ke yi a nan, babu wanda za ka ce wa “oga a taimaka”. Motocin haya a Turai galibi masu giyar hannu ne, mai son otomatik ya nema da wuri kuma ya shirya ƙarin kuɗi. A gidan mai da kanka za ka zuba a wurare da yawa: gasolina shi ne fetur, gasóleo kuma shi ne gas ɗinmu na manyan motoci, wato dizal. Duba murfin tanki kafin ka ɗaga bututu. Tsakiyar tsofaffin garuruwa kuma akwai titunan da aka hana baƙin motoci shiga. Ni taswirar waya ce ta kutsa da ni wani layi a Garnaɗa, ban ga kowa ba, ban ji komai ba, sai bayan mun dawo Legas saƙon tara ya iso, kamfanin hayar ma ya cire nasa kuɗin na miƙa sunana ga hukuma. A bar mota a babban wurin ajiya a bakin gari, a shiga da ƙafa ko tasi.

A kan AP-7 akwai ɓarayin da suka san motar haya da gani. Za su jero da kai suna nuna maka taya kamar ta yi faci, kana tsayawa ɗaya ya ɗauke maka hankali, ɗaya ya zare jaka. Kada ka tsaya sai a gidan mai, fasfo da takardun jirgin ruwa kuma su zauna a jikinka, ba a but ba.

Maganar biza ma tana da ƙulli. Bizar Schengen ta ishe ka hanyar mota duka, da tasoshi irin su Marseille da Genoa da Palma da Malta. Amma wasu jiragen suna ratsawa Tunisiya ko Maroko ko Turkiyya, wanda ke nufin ka fita daga yankin za ka sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya za a iya hana shi hawa tun a Barcelona. A duba jerin tasoshin kafin a cike fom, a nemi mai shiga da yawa, a haɗa da takardar jirgin ruwan.

Lissafin kwanaki kuwa daga jirgin ruwa ake faro shi a dawo baya. Jirgin ba ya jiran kowa, kuma ana rufe shiga tun kafin lokacin tashi, awar tana jikin tikitinka. Shawarata ita ce a mayar da mota ana gobe tafiya, a kwana a Barcelona. Tasoshin manyan jiragen suna can Moll Adossat, bayan wata doguwar gada, ba wurin da za ka ja akwati da ƙafa ba ne, kuma ba can ake karɓar motar ba. Ofisoshin da suka fi sauƙi su ne na filin jirgin El Prat da na tashar jirgin ƙasa ta Sants. Ƙananan ofisoshin cikin gari wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi, jiragen ruwa da yawa kuma a ƙarshen mako suke tashi, to ka ga inda matsala take. Ana kuma ƙirga haya ne awa 24 zuwa awa 24: wanda ya karɓa ƙarfe goma na safe ya mayar ƙarfe biyu na rana, an ƙara masa kwana guda.

Mu mun fara sauke iyali da kaya a otal, sannan na tafi ni kaɗai da mota. Na cika tanki a gidan mai na kusa na riƙe rasit, don yarjejeniyar ita ce a cike na karɓa a cike zan mayar. Na ɗauki hoton kowane ɓangare da na mitar mai da ta nisa, kamar yadda na yi ran da na karɓa, sannan na tsaya sai da ma’aikacin ya zagaya ta ya ba ni takardar cewa babu lahani. Kada ka yarda da jefa makulli a akwati ka tafi in akwai mutum a wurin, domin gobe kana tsakiyar teku, intanet a jirgi na kuɗi ne mai tsada, ba lokacin da za ka yi musu a kan ƙarzanen da ba kai ka yi ba ne. Kuɗin da aka riƙe a kati kuma ba ranar suke dawowa ba, sukan ɗauki kwanaki, wani bankin har makonni. Jirgin ruwan shi ma zai nemi kati a ranar shiga don abin da za ka kashe a ciki, saboda haka a tafi da kati na biyu, ko tsabar yuro da za a ajiye musu a kanta.