Sakkwato a Tarihin Kundin Ilana

A 2008 wani matashin Buzu daga jihar Tawa ta Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da Mdou Moctar, ya ƙetaro iyaka zuwa Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko, Anar. Ya rera da Buzanci, amma aikin sutudiyon na mawaƙan finafinan Hausa ne: gangar na'ura, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya har ta daina kama da ta ɗan Adam. Wanda ya saba ratsa kasuwar Minjibir a shekarun nan ya san sautin, domin shi ke tashi daga rumfunan masu cajin waya.

Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da katin memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar "Tahoultine" ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011.

Ta wannan ƙofa aka kai ga Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Ditroit na Amurka, kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2019. Shi ne kundinsa na farko na sutudiyo da cikakkiyar ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Mikey Coltun a jitar bes, ga mai ganga. Masu sharhi suka kira salon saikedelik, wato kiɗan rok mai amsa-kuwwa da maimaici, wanda ke jan mai sauraro har ya manta inda yake. Moctar bahago ne, kuma yakan saki jitar lantarki ta yi ta kuka na tsawon mintuna, don haka aka yi ta kwatanta shi da Jimi Hendrix.

Kwatancen bai yi laifi ba, sai dai ya rage tarihin. Jaridun Turai sun fi son labarin hamada da rawani, ba kasafai suke tsayawa kan cewa masu haɗa sautin Hausa ne suka fara sarrafa wannan murya ba. A gida ma an daɗe ana yi wa kiɗan fiyano kallon raini, alhali shi ya ɗauki Moctar ya kai shi kunnen Kirkley. Kundin da ya biyo baya, Afrique Victime, kamfanin Matador na birnin Niyok ne ya fitar da shi a 2021.