Samari Uku Daga Ƙetare da Darasin da Suka Bar Mana

Masu iya magana na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ne ya faɗo mini a rai sa'ad da aka nemi in yi rubutu a mujallarmu ta bana, sai na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa mazauna birane labarin wasu samari uku waɗanda ba addininmu ɗaya ba, amma akwai abin lura a tafiyarsu.

A watan Disamba na 1893 wasu samari Kiristoci uku suka sauka Ikko. Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada suka taso, Thomas Kent kuwa daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu, kuma babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu. Burinsu shi ne su kawo addininsu ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a lokacin, har da ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya Ikko yana aika wa sauran guzuri. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bidda. Bingham ya koma gida shi kaɗai a 1895.

Da wani ne, da shi ke nan an rufe babi. Bingham ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 mutanensa suka samu kafa zangonsu na farko a Fategi, bakin Kwara. Wannan ƙungiya ce aka sani da SIM, wadda cocin ECWA ya fito daga cikinta a 1954.

Ƙasashen sarakunanmu kuwa sun daɗe a rufe gare su. Bayan cin Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, don haka aka taƙaita shigar 'yan mishan. Ko da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, da sauran lokaci kafin a sake musu. A ƙarshen shekarun 1930 ne aka damƙa musu kula da masu fama da kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A lokacin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi duk suna cikin Lardin Sakkwato. Asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, da asibitin Galmi a Nijar na 1950, duk nasu ne, kuma mutanen yankinmu sun sha zuwa can neman magani.

Iyayenmu sun karɓi magani, suka riƙe addininsu, kamar yadda muke riƙe da shi. Abin da nake so mu duba shi ne juriyar mutanen nan: fiye da shekara arba'in tsakanin saukarsu Ikko da isowarsu lardinmu, ba su fasa ba.

To, mu fa? A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna ƙananan yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa, bayan 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu. Har wa yau baƙi ne suka zo suka ƙidaya mana 'ya'yanmu. Alhali muna da likitoci da malaman jinya da malaman makaranta a Abuja da Kaduna da Kano, da yawansu ni da abokan aikina muka koya musu baƙi da wasali.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a ware mako guda a shekara, matasanmu masu sana'a su zo gida su duba marasa lafiya, su koyar da ɗalibai, da shawarar sarakuna da jami'an tsaro kan lokaci da hanya. Wanda zuwa ya gagare shi ya ɗauki nauyin magani ko littattafai. Sharaɗin kawai shi ne a dawo baɗi, a kuma dawo baɗin baɗaɗa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, amin.