Tafkin Kainji a Idon Na'ura: Ajiyar da Ta Fara Bayan Ruwa Ya Ci Gungu

A shekarar 1968 aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya ja da baya ya hau tudu har ƙasar Yauri. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran da Gungawa suka shekara ɗaruruwa suna noman albasa da kamun kifi a kansu suka bi ta, aka tashi mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin gidajen siminti da Robin Atkinson ya zana. Shekara huɗu bayan haka, ranar 23 ga Yulin 1972, Amurka ta harba Landsat na farko, tauraron ɗan'adam da aka ƙera don ɗaukar hoton doron ƙasa a kai a kai. Wannan tazara ta shekara huɗu ita ce ta raba tarihin gaɓar tafkin gida biyu: wanda na'ura ta gani, da wanda ba ta gani ba.

Ko bayan 1972 ɗin ma, ɗaukar hoto daban, samunsa daban. Tauraron yakan turo abin da ya ɗauka zuwa tashar ƙasa, a naɗe shi a kan tef, mai bukata ya rubuta takarda ya biya ya jira. A 1985 aka miƙa harkar ga wani kamfani mai suna EOSAT, farashin hoto ɗaya ya haura dala 4,000. Malamin jami'a a Sakkwato ko Zariya mai son sanin yadda tafkin ke cika da janyewa ba shi da wannan kuɗi. Da yake Afirka ta Yamma ba ta da masu saye da yawa, ba a cika ɗaukar hotonta ba, shi ya sa ajiyar yankin ta shekarun 1990 take da giɓi har yau. Abin da kasuwa ba ta nema ba a lokacin, babu mai iya komawa ya ɗauko shi.

A 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta buɗe ajiyar kyauta ga kowa. Sai wata matsala ta fito. Hoto guda yana rufe faɗin kilomita 185, yana da nauyi, kuma mai son bin tafkin na shekara talatin sai ya sauke ɗaruruwansu. Wanda ya san halin lantarki da intanet a Yelwa ko Shanga ya san ƙarshen wannan magana, abin takaici kuwa shi ne lantarkin daga wannan ruwa ake samar da shi.

Maganin da aka samo shi ne a daina kai hoto wurin mai bincike, a kai lissafin wurin hoton. Google ya buɗe Earth Engine a 2010, Amazon kuma ya zuba hotunan Landsat 8 a rumbunsa a 2015. Abin da ake kira gajimare a nan ba kome ba ne illa tarin kwamfutoci a manyan gine-gine da ake haya ta intanet. Sabon abu shi ne yadda aka ɗaura matakan aiki ɗaya da ɗaya. Da zarar sabon hoto ya shiga rumbu, rumbun da kansa yakan aika sanarwa. Sanarwar ta tayar da manhajar da ke gano inda girgije ya rufe ta ware shi. Wata ta duba kowane ɗigo, mai mita 30 a kowane gefe, ta yanke hukunci ko ruwa ne ko tudu. Sakamakon ya hau taswira. Babu hannun mutum a tsakani. Ta irin wannan hanya masu bincike na Tarayyar Turai suka tace hotuna miliyan uku na 1984 zuwa 2015, suka fitar da taswirar ruwan duniya a 2016. Shirin Digital Earth Africa, wanda ke ajiye bayanansa a Cape Town, yana yin irin wannan aiki don nahiyar.

Kainji tafki ne da wannan tsari ya dace da shi, domin ba ya zama wuri ɗaya. Ambaliya biyu ke ciyar da shi: farin ruwa na damina mai laka, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da hunturu. Tsakanin cika da janyewa gaɓa takan matsa sosai, kuma a filin da ruwa ya bari ne mutanen Ngaski da Yauri ke shuka da kiwo. Landsat 8 da 9 tare suna ratsa wurin duk kwana takwas. Ma'aikacin gona ko na agajin gaggawa a Birnin Kebbi yana iya ganin wace gona ce ruwa ke ci kowace shekara, wace ce sai jefi-jefi. Amma idon ya tsaya a saman ruwa. Kututturan itatuwan da aka bari a ƙasan tafkin, waɗanda matuƙa jirgi ke tsoro a hanyoyin ruwa irin ta Wara inda jirgi ya kife da mutane masu yawa a watan Mayun 2021, ba su fitowa a ɗigo mai mita 30.

Yauri ta kafin 1968 kuwa tana kan fim da takarda. Hukumar safiyo ta Birtaniya mai kula da ƙasashen waje ta shekara da shekaru tana ɗaukar hoton ƙasashen da ta mulka daga jirgin sama, har da Najeriya, kuma hotunan, fiye da miliyan ɗaya da rabi, suna ajiye a Edinbara ta Sikotland. A 'yan shekarun nan an sa hannuwan mutum-mutumi suna ɗaga su ɗaya bayan ɗaya suna mayar da su na kwamfuta, don su ma su shiga wancan layi. Idan hoton wani gungu ya fito, zai nuna rufin ɗakuna da layukan albasa da mashigar kwalekwale, amma ba zai zo da sunan garin ba, balle na mai gonar. Waɗanda za su iya ɗora yatsa su faɗi sunan su ne waɗanda aka tasa suna yara a 1968, kuma ƙaraminsu yanzu ya doshi shekara sittin.